Gayyar da Badaru Ya Kora

Tun lokacin da fari ya cinye damina a ƙauyukan Tsanyawa, idon kowa ya koma kan gonar Badaru, don ita ce a bakin fadama. Maƙwabcinsa Uwaisu ya tuge gambar da ke kan iyaka, ya ci masa kunyoyi. Ƙannen mahaifinsa suka kai shi gaban dagaci, wai ba a raba gado ba. Wasu suka sako awaki cikin wakensa. Daga nan Badaru ya daina fita sai da gora. Ko sannu ka yi masa, sai ya ce, "Sannu da me? Tura ta kai bango."

Da ruwa ya dawo, zazzaɓi ya kwantar da shi, ciyawa ta shaƙe geron da gidansa kaf ke jira. Ran da ya iya miƙewa ya lallaɓa gona, sai ga samari sun jeru a kunyoyinsa da fartanyu, makaɗi na dukan ganga, Uwaisu a gaba.

Zuciya ta ɗebe shi.

"Ban mutu ba tukuna, ɓarayin ƙasa. Ku fice min daga gona."

Uwaisu ya ɗago. "Haba Badaru, gayya ce fa. Matarka Kulu ce ta bi gida-gida tana roƙo."

"Gayya? Yau ka nome, gobe ka tsaya gaban dagaci ka ce da guminka a ciki. Na san irinku."

Ya kai wa gangar duka da gora. Samari suka saɓa fartanyunsu. Ɗaya ya waiwayo ya ce, "Ashe da sauran ƙarfi, Baba. To nome abarka."

Suna ficewa Kulu ta iso da ƙwaryar furar da ta dama musu. Ta dubi kunyar da aka fara aka bari.

"Malam, me ka yi?"

"Tura ce ta kai bango, Kulu."

Ta dire ƙwaryar. "Wanda ake turawa shi ke faɗin haka. Yau wa ya tura ka? Ɗaga ka aka zo yi. In kaka ta yi, bangon zan dafa wa yara?"

Ya sunkuya ya fara cizgar ciyawa da hannu, jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas a tsakiyar geron da ya yi ruwan ɗorawa. Can tsallaken iyaka ganga ta sake tashi, a gonar wani.