Jan Bakin Kaka Doguwa

—kuma ta ɗaya, Inna! Ta ɗaya fa a jarrabawa! Malama Lucia ta kira sunana a gaban kowa, Keziya Sati, har sau biyu. Makarantar kwana ta 'yan mata! Wai kowa da gadonta na ƙarfe. Ga takardar shiga nan cikin rigata tana sosa ni, ga rake a hannuna, gudu nake tun daga bakin gonar gwamnati... Da kina da rai da kin rangaɗa guɗa har a jiyo ki a Shika.

Rake. Me ya kai ni karyo rake?

To me zan kai wa Kaka Doguwa? Shi take so. Uwarki ce, kin san halinta. Bakin ya bushe ƙamas, tuwo ba ya wucewa, loma ɗaya moɗa ɗaya. In tana magana sai ka ji harshen yana mannewa, ɗas, ɗas. Ta ce rake kaɗai ke kawo mata miyau. Haka ke ma kika ce...

A'a. Ban da yau. Yau sai gadon ƙarfe, da akwati mai kwaɗo, da jirgin ƙasa.

Ran da na raka Kaka wurin Malam Felix, disfensan nan mai ba da magani a Sabon Gari, da Hausarsa mai tsalle-tsalle. Mun ce wa Baba kasuwa za mu. "Mama, sukari ya yi yawa a jini. Ba rake, ba zuma. Shi ke busar da baki, in baki ya bushe dasashi ya lalace. Kina ganin jini in kin yi asuwaki?" Sai ta washe masa baki, jajir. "Fure ne, ɗana. Furen taba da goro. Tun ba a haifi ubanka ba nake jan baki, samari na faɗawa rami wajen kallona." Har shi ya yi dariya. Amma a bakin ƙofa ya tsayar da ni. "Ke 'yar makaranta, ke ce idonta. Ranar da kika ga jini, ko haƙori na rawa, a kawo ta asibiti."

Ke ce idonta... A cikin mota ta murɗe mini kunne. "Ki faɗa wa ubanki in fasa kan nan naki na boko. Asibitin da ya cinye mini 'ya?"

Kiyashi. Bayan ɗaki, inda take tsugunawa, baƙi ƙirin sun yi layi. Irin su ne a bayan ɗakinki, Inna. Wasa nake da su da tsinke. Shekarata tara, ina na sani? Kina kwance kina cewa ruwa, ruwa, randa ta ƙare kina cewa ruwa. Ni ke fere miki rake, in yanka ƙanana, in sa miki a baki, ki ce Allah ya yi mini albarka. Ni ce na...? Ba wanda ya ce ni ce. Ba wanda ya ce ba ni ba ce.

Ta ɗaya! Lissafi ma ta ɗaya, har na wuce Dorkas mai baki!

Janairu za a tafi. Baba na gona tun safe har la'asar. Wa zai cika moɗar? Wa zai leƙa bayan ɗaki?

Ga ta can gindin mangwaro. Ta hango ni, tana dariya. Ja... baki jajir, kamar kullum. Alhamdu, tunda tana jan baki ai da sauƙi. Bari in ɗebo mata ruwa tukuna, ta jiƙa maƙoshi, don in ta ji labarin nan sai ta yi guɗar da kika bari—

Ƙoƙon furenta ne wannan a kan randa?

Ni na tsinko shi ranar Lahadi, bayan coci. Bakwai na tsinko. Ɗaya, biyu... bakwai. Sun yanƙwane, ko taɓa su ba a yi ba. Ga goron ma, ɓari biyu, babu shaidar haƙori ko ɗaya. Yau Alhamis.

To jan nan fa? Jan nan na mene ne?

Wancan abu a gindin ƙoƙon, ƙarami, mai dogon tushe... tsakuwa ce. Tsakuwa ce mana. Ba zan taɓa ba.

"Ke 'yar boko, kin shuka kanki a bakin randa? Me kika ɓoye a riga? Miƙo raken nan, bakina ya bushe."

Ta miƙo hannu, Inna. Tana murmushi. Takardar ta jiƙe da gumi, ta manne mini a ƙirji, raken ya yi nauyi... nauyi... kuma ni kaɗai na ƙirga furen.