Zanen Madam Eman

Da Shafa'atu da mijinta Haisam suka kama haya a unguwar Madinat Nasr, mai gidan, wata tsohuwa Madam Eman, ta bar musu wani tsohon zane a bangon falo. Furanni ne ja da fari cikin tulun tangaran, ga 'yartsana a kishingiɗe gefensu, da ɗan dokin katako da ƙaramar ganga. Ta ce kakanta ne ya taho da shi daga Faransa, tun ƙarni na sha tara aka zana shi. Ita za ta koma Iskandariyya wajen 'yarta, iskar teku kuwa ɓata fenti take yi.

Haisam kullum yana jami'a. Shafa'atu kuwa gaban zanen take zama ta shayar da jaririnta Zaid, har ta san kowace tsaga da ke jikinsa.

Wata rana Isam, ɗan tsohuwar, ya zo ya ce mahaifiyarsa ta aiko a kai zanen a goge. Ya sauke shi ya tafi da shi, ko shayi bai tsaya sha ba. Bayan 'yan makonni ya dawo ya rataye shi, yana ta kawar da ido.

Yana fita Shafa'atu ta matsa ta shinshina. Warin ɗanyen fenti.

"Baban Zaid, wannan ba shi ba ne," ta ce da Haisam ya dawo.

"An goge shi ne kawai."

"Guga ce ta gyara wa 'yartsanar ido? Da can harara take yi."

"Mu baƙi ne a ƙasar nan. Khalas, ki bar maganar."

"Shi ya sa ba zan bari ba. Ran da asiri ya tonu, wa za a nuna in ba mu ba?"

Washegari ta buga wa tsohuwar waya. Ranar Juma'a sai ga Madam Eman, Isam na biye da ita. Ta sa tabarau, ta daɗe tsaye gaban zanen.

"Zanena ne," ta ce a hankali. "Tamam."

Amma ta sa aka sauke shi, kuma da Isam ya miƙo hannu sai ta kira mai gadin gidan ya ɗauka. A bakin ƙofa ta sumbaci goshin Zaid, ta raɗa wa Shafa'atu, "'Yata, na ga abin da kika gani. Ku yi zamanku. In Isam ya sake zuwa, kada ki buɗe masa."

Daga ranar, in aka ƙwanƙwasa, sai Shafa'atu ta leƙa ta hujin ƙofa tukuna.