Ina Take Kwana?

A duk faɗin Moiben babu wanda bai san tudun gidan Kibiwot ba. Ba haka aka tarar da wurin ba, shi maigidan ne ya tara jar ƙasa da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, saboda taraktarsa ta daina tashi da makulli. An canza mata kik, wato abin tayar da inji, har sau uku, a banza, injin ne ya gaji. Tun daga nan a kan tudun take kwana, hancinta na kallon gangara. Da safe a cire dutsen da aka tare taya, a bar ta ta gangaro, a saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama. Gogo suke ce mata, wato kaka, kuma ta ci sunan.

Shekara huɗu ke nan Tabarno, matar Kibiwot, ke kan sitiyarin, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mijin. Ya miƙe dai, yana takawa da sanda, amma muryarsa ta tafi, sai raɗa. In kana son jin abin da ya ce sai ka kawo kunne dab da bakinsa. Ita kuwa Tabarno mace ce da ba ta san “ba zan iya ba”. Ta koyi tuƙi a mako guda, ta kuma koyi doka ɗaya tak ta Gogo: in an fita gona, ba a kashe inji. A kai take cin abinci, a kai take shan shayi, injin na ta gurnani a ƙarƙashinta har yamma.

Bara dokar ta karye da kanta. Gogo ta mutu a tsakiyar gonar kwari, can ƙasa bakin rafi, inda babu gangara ko ta taku ɗaya. Yara duk suna birni, babu mai turi. Kwana uku tana nan kafin a samu abin jan ta, a rana ta huɗu ruwa ya sauko, kwarin ya zama laka. Gonar da ta fi kowace albarka a gidan, ciyawa ta ci ta a shekarar.

Shi ya sa bana Kipyego, ƙanin Kibiwot, ya samu bakin magana a taron dangi. Ba mugu ba ne, amma idonsa ya daɗe a kwarin nan.

“Matar Yaya, ba raini ba ne,” in ji shi. “Ƙasar mahaifinmu ce, ba za ta kwana shekara biyu ba. In ruwa ya sauko ba ki sa mata garma ba, ni zan sa.”

Dattawa suka gyaɗa kai. Kowa kuma ya sani, gonar da ta shiga hannun Kipyego da sunan aro ba ta san hanyar komawa gida ba.

“Na ji,” Tabarno ta ce. “Ajiye garmarka, kada ta yi ƙura a banza.”

Ta sayar da karsana biyu da masarar da ta rage a rumbu, ta aika wa Wanyonyi dillali ya nemo mata wata tarakta. Saura mako biyu ko ƙasa da haka damina ta faɗi, kuma kuɗin hannunta na saye ɗaya ne. In ta yi kuskure, babu na gyara.

Wanyonyi irin mutanen nan ne da za su sayar maka da takalminka kana sanye da shi. Ya ce akwai wata a garin Ziwa, hannu ɗaya ta sani, ko digon mai ba ta zubarwa. Ya ce su je ƙarfe goma. Tabarno ta ce bakwai. Ya ce hanya da nisa. Ta ce to shida da rabi. Da ya ga abin ƙaruwa yake yi, ya amince, amma ta gan shi ya koma gefe yana latsa waya.

Suka isa da sanyin safiya, raɓa ba ta bushe ba. Mai taraktar, wani matashi ɗan kasuwa da ake kira Kirwa, ya tare su da fara'a har kunne. Ga ta nan a gindin bishiya, ja wur, fenti na sheƙi, har tayoyin an shafa musu baƙi.

“Mama, kalli kaya!” Wanyonyi ya ce yana dukan murfin inji. “Wannan ko amarya albarka. Kirwa, murɗa mata ta ji.”

Kirwa ya murɗa makulli, ta tashi nan take. Tabarno ta sa ya kashe, ta ɗora bayan hannunta a jikin injin. Da zafi, zafin da ba na minti ɗaya ba.

“Sammako ta yi,” ta ce. “Ina ta je da sassafen nan?”

“Wanki kawai muka kai ta, Mama, don girmanki.”

“Na gode da girman. Ina take kwana?”

Kirwa ya dubi Wanyonyi. Wanyonyi ya yi dariya. “Mama, tarakta kika zo saye ko ɗaki za ki kama mata?”

“Saniya ma sai na ga garkenta nake saye. Nuna min makwancinta, ɗana.”

Ba yadda ya iya. Ya ja su bayan gida yana ta bayanin da ba wanda ya tambaye shi. Rumfar kwano ce a saman hawa, bakinta na kallon ƙasa. Daga bakin rumfar sawun tayoyi biyu sun gangara, sun ci ƙasa har sun zama kwalbati. A gefe ga wani dutse da ya yi santsi saboda yawan ɗauka da ajiyewa.

Tabarno ta fashe da dariya har da riƙe ƙugu. Ta ɗaga dutsen ta auna shi a hannu.

“Nawa ya fi wannan nauyi,” ta ce. “Ɗana, shekara goma sha ɗaya muna da irin gangaren nan a gida. A wace giya kake sakin kuloci, ta biyu ko ta uku?”

Kirwa ya fara kame-kame. “Sai ranar sanyi kawai...”

“A ƙasar nan wace rana ce ba ta sanyi ba? Wanyonyi, ƙanwar Gogo ka kawo ni gani. Ina da yayar, ta ishe ni.”

Ta juya za ta tafi ke nan idonta ya sauka can ƙasa, bayan rumbun masara, inda fili ya lotsa kamar kwano. Wata tarakta ce a wurin, launinta ya koɗe har ba ka ce ga irinsa ba, fitila ɗaya a fashe, kujerar an ɗaure da buhu. Abin da ya tsayar da Tabarno yadda aka ajiye ta ne. A ƙasan kwari take, hancinta dab da bangon rumbu, tazarar bai fi tafin hannu ba. Babu ta inda za a tura ta gaba, a baya kuma hawa ne. Duk wanda ke ajiye tarakta haka, bai taɓa kwana da shakkar za ta tashi ba.

“Waccan fa?”

“Ta Baba ce,” Kirwa ya ce yana yatsina fuska. “Ta girme ni. Masu sayen ƙarfe nake jira.”

“Ka jira su ɗauke ka tare da ita,” wata murya ta ce.

Tsoho ne a kan kujera a jikin rumbun, lulluɓe da bargo, yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Arap Chesire, mahaifin Kirwa. Tabarno ta rusuna ta gaishe shi hannu biyu.

“Ke ce mai tambayar makwanci?” ya ce. “Tun daga nan na ji ki. Mutum bakwai sun zo ganin jar can, duk fenti suka tambaya.”

“Baba, an tayar da wannan yau?”

“Sai na sha shayi nake tayar da ita, kullum, don kada ta manta. Shayin kuwa yau bai zo ba, gidan duk an tafi turi tun asuba.”

Wanyonyi ya kau da kai yana tari. Tabarno ta taɓa injin. Sanyi ƙalau, raɓa ta jiƙa mata hannu. Ta durƙusa ta leƙa ƙasa, digon baƙin mai bai fi girman kwabo ba. Tsohon ya zaro makulli daga igiyar wuyansa ya miƙa mata. Ta hau, ta murɗa. Injin ya juya sau ɗaya, sau biyu, ya kama. Baƙin hayaƙi ya fita dunƙule guda, daga nan salansa ya washe. Ta sa ribas, taraktar ta hau hawan da baya ba ko gardama. Ta zaga gidan, ta gwada birki, ta ɗaga hannuwan garma ta sauke, ta dawo ta kashe a inda ta same ta. Ta sake murɗawa, ta sake tashi. Daɗi ya cika Tabarno.

“Baba, za ka sayar?”

Tsohon ya ce, “Shekara biyu ba ta shiga gona ba, tun da idon nan ya tafi. Noma za ki yi da ita, ko haya za ki ba yara su kashe ta?”

“Kwari gare ni a Moiben, bakin rafi. Ni zan tuƙa.”

“To ɗauki. Kada ki yi mata fenti, ba ta saba ba.”

Cinikin bai ɗauki tsawon shan gorar nono ba.

La'asar ta yi kafin ta iso gida, tana tafe a hankali, mutane na fitowa bakin hanya suna kallo. Kipyego na tsakar gida tare da yayansa. Ya zaga taraktar sau biyu, ya riƙe baki.

“Matar Yaya! Mun aike ki nemo wa Gogo magajiya, kin ɗauko mana uwarta?”

“Kama min garma mu ɗaura, surutun ya jira.”

Ya kama, yana ta dariya. Da suka gama, Kibiwot ya ɗaga sandarsa ya nuna mata tudu, wai a sauko da Gogo a ba baƙuwa wuri. Ta girgiza kai.

“Kipyego, ɗora min yayanka nan gefena. Shekara huɗu rabonsa da kwari.”

Suka ɗora shi a kan murfin taya, ta ɗaura masa zane a ƙugu ta haɗa da ƙarfen kujera. Ta wuce tudun ko kallo, ta gangara, Kipyego na biye da ƙafa don kada labari ya wuce shi. Ta sauke garma a bakin gonar. Ƙasa ta fara juyewa baƙa, layi ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ta ga leɓen mijinta na motsi. Ta saba da wannan, shekara huɗu tana ganin bakinsa na motsi ta cikin ƙarar inji, sai ta yi masa alamar sai an dawo.

Suna daidai tsakiyar kwarin, inda Gogo ta kwana uku bara. Tabarno ta taka kuloci, ta kai hannu ta kashe injin.

Kipyego ya ɗora hannu a ka daga bakin gona. “Kin kashe? A nan? Ni fa ba zan tura ba!”

Ba ta kula shi ba. Kunnenta ya yi ta ƙugi na ɗan lokaci, sannan ta fara jin rafi. Ashe daga nan ana jin sa. Ta sunkuya ta kawo kunne bakin mijinta.

“Me ka ce, maigida?”

“Layinki,” ya raɗa, “ya karkace.”

Ta waiwaya. Ya karkace ɗin kuwa, tun daga na biyu. Ta yi dariya har hawaye suka zubo, ba kuma duka na dariyar ba ne. Ta share da gefen ɗankwali.

“To sai ka riƙa faɗa min. Duk inda ka ga gyara, taɓa ni, in kashe in ji.”

Ta gyara masa zanen ƙugu, ta murɗa makulli.