Memorin Uwar Biyu

"Dakata, Baba, kar ka ƙarasa," in ji Auta yana hararar wayarsa. "Shegiyar ta cika."

Baba Mai Agogo ya tsaya da baki a buɗe, sauran maganar na maƙale a maƙogwaronsa. Uwar Biyu, maƙwabciyarsu mai ɗinki, tana durƙushe a gefen katifar da kofin shayi a hannu. Tun da ciwo ya kwantar da tsohon a ɗakin baya, inda ake jibge tsofaffin tayoyi, ita ke tsallako ƙofa ta juya shi, ta wanke masa zanen gado. Auta, ƙaramin ɗansa da ke zaune a gidan, sai ya yi mako bai leƙo ba. Yanzu da yayyensa na nesa suka fara yi masa gori a guruf ɗin dangi na waya, ya zo da sabuwar riga da hula, ya cusa wa uban, ya jingina shi da bango. So yake ya ɗauki bidiyon tsohon yana shi masa albarka.

Ya goge hotuna, ya sake gwadawa, wayar ta ƙi. Sai ya juyo.

"Inna, wayarki akwai memori a ciki, ko?"

"Akwai, amma..."

"Ara min. Yanzu zan dawo miki da shi."

"Ɗan nan, muryar marigayi maigidana tana ciki. Da hotunan yarana tun suna rarrafe. Ba ni da su a ko'ina."

"Cinyewa zan yi? Mutum na gargara, kina ta kan hoto!"

Ta dubi tsohon. Hular ta yi masa yawa, ta zamo har kan gira, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan tabarma a siminti. Ta ga in ba a gama ba, ba za a bar shi ya kwanta ba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙa wayar.

Auta ya zari allurar da ke maƙale a mayafinta, ya tsokano ɗan katin, ƙanƙane kamar farce, ya tura a tasa. Wani rubutu ya fito a fuskar wayar. Bai tsaya karantawa ba, ya danna.

"Me ta ce?"

"Ba komai. Shirya shi take yi." Ya ɗaga wayar. "To Baba, daga farko. Ka ce, Auta ya riƙe ni amana, Allah ya yi masa albarka."

"Ruwa," in ji tsohon.

"In ka faɗa sai a ba ka. Inna, matsa, hannunki na fitowa."

Ta ja baya har ta jingina da tayoyin. Tsohon ya fara, ya kai "amana", tari ya sarƙe shi. Aka sake. Ya faɗa duka, Auta ya ce ba a ji ba. Aka sake. A wannan karon tsohon ya juya ido wajen Uwar Biyu, ya ce, "Wannan baiwar Allah ita ce..."

"Kai, Baba! Wa ya tambaye ka ita? Nan za ka duba, nan."

Da aka samu wanda ya yi masa, Auta ya kalla, ya yi murmushi, ya fita tsakar gida neman sabis. Uwar Biyu ta cire wa tsohon hular, ta kwantar da shi, ta ɗiga masa ruwa da cokali. Rabi ya shiga, rabi ya bi gefen baki ya jiƙa wuyan sabuwar rigar. Ta riƙe hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada. Daga waje tana jin muryar tsohon na fitowa daga wayar, tana shi albarka, tana sakewa. Kafin a kira la'asar hannun ya saki.

A zaman makoki yayyen suka iso, suka rungume Auta. Babbar yayarsa ta yi kuka ta ce su yafe wa juna, sun zalunce shi da zato. Wayar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Uwar Biyu tana bakin murhu tana wanke kofuna, babu wanda ya tambaya ko wace ce.

Sai da aka watse ta tare Auta a ƙofa.

"Memorina fa?"

Ya laluba aljihu, ya ɗora mata a tafin hannu. A ɗakinta ta mayar da shi cikin waya. Ta buɗe wajen hotuna, fari fat. Ta buɗe wajen murya, haka nan. Ta kashe wayar ta kunna, ta cire katin ta hura masa iska ta mayar. Ta koma gidan wajen Auta ko takalmi babu.

"Babu komai a ciki. Ina muryar maigidana?"

"Au, ai sai da waya ta wanke shi kafin ta karɓa." Yana cin gyaɗa, bai ɗago ba. "Haba Inna, wanda ya mutu ya mutu. Ni da na rasa uba ma ga ni zaune. Ki gode Allah, yanzu kin samu fili."

Ta juya ta fito.

An riga an share ɗakin baya. An ɗora katifar tsohon a kan katangar da ta raba gidajen biyu don ta sha rana, rabinta na reto ta ɓangaren Uwar Biyu. Tsakiyarta a lotse take, daidai tsawon mutum. Wata kaza ta yi tsalle ta hau, ta zagaya, ta kwanta a cikin lotsawar.