Kwalaben Matan Unguwa

Tun da aka yi wa Sumiyati ƙarin ruwan maganin kansa karo na uku, cikinta ya ƙi zama. Duk abin da ta ci sai ya wuce. Likita ya ce in ba ta kai kilo arba'in da biyar ba nan da mako uku, sai an ɗage karo na huɗu. Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar ɗagewar nan.

Matan unguwa ba sa zuwa dubiya hannu rabbana. Wannan ta kawo jiƙon kurkur da tsamiya, waccan ƙwayoyin zogale. Tukinem mai shago ta kawo zumar daji, kuma kullum sai ta leƙo ta ga ko kwalbar ta ragu. Sumiyati ta riƙa shan kowanne, don da wane baki za ta ce a'a?

Mijinta Wagiman ne ya tattara su a jaka, ya zube gaban malamar abinci ta asibiti. Kwalba goma sha ɗaya.

"Ibu, ai hanjin nan naki ya sha wuya," in ji malamar, tana kiran Sumiyati da laƙabin girmama mata. "A ajiye duka tukuna. Ga garin ƙarin abinci, ki dama sau biyu a rana. Sai kunun shinkafa, ayaba da dafaffen ƙwai."

A kan babur, hanyar gida, da suka wuce kasuwa, Sumiyati ta kira mijinta da Pak, laƙabin girmama maza.

"Pak, in Tukinem ta ga kwalbarta cike fa?"

"Wa ya ce miki za ta gan ta cike?"

Daga ranar, kowace safiya ita tana shan garinta, shi yana gefe yana bin kwalaben ɗaya bayan ɗaya, yana yamutsa fuska.

"Sha mana, jarumi," ta ce. "Ko in toshe maka hanci?"

"Ibu, wannan na zogalen, ko akuya sai ta yi tunani."

Gudawar ta lafa a hankali. Ranar awo ta hau sikeli, ta runtse ido. Arba'in da biyar, har da ɗan ɗoriya. Aka ce ta shiga a yi mata karo na huɗu.

Da yamma Tukinem ta leƙo, ta ɗaga kwalbar da ta kusa ƙarewa.

"Ban gaya muku ba? Zumar nan! Kai ma Pak Wagiman, har kumatu ka yi."

Sumiyati ta sunkuyar da kai cikin kofinta, kafaɗunta na rawa don dariya.