Gaisuwar Iklima

Shekara uku na yi ina koya wa Iklima gaisuwa. Da trisomie na haife ta, abin da wasu ke kira Down, wato lalurar jinkirin fahimta, kuma ma'aikaciyar asibiti ta ja mini kunne: ban da duka, ban da tsawa, in ta yi abin kirki a yaba mata nan take. Na riƙe maganar hannu bibbiyu. Ta yi sallama, in tafa mata, in miƙa mata soyayyar ayaba. Kafin ta cika sha huɗu, ba mai gifta rumfata a kasuwar Marché Gouro bai sha "Salamu alaikum, sunana Iklima Mijinyawa" ba. Matan da suka ce na haifi wahala, su ne suka dawo suna layin a gaishe su, marasa kunya.

Sai rikicin 2011 ya ɓarke. Samari suka kafa shingaye a tituna, wanda duk suka ji da suna irin namu na Musulmi ya shiga uku. Unguwarmu Adjamé ta ƙi zaunuwa, na ce mu gudu wurin yayana Idris a unguwar Treichville.

Kwana biyu ina roƙonta. "Iklima, a hanya kar ki gaida kowa. Tu te tais, ki yi shiru, kin ji?"

"Gaisuwa kyau, Inna," ta ce, ta tafa wa kanta.

Me zan ce mata? Ni na koya mata.

Direban tasi ya sa muka cire ɗankwali, ya ce mu yi gum, shi zai yi magana. Dab da gada aka tsayar da mu. Wani saurayi da adda ya leƙo ta taga. Fuskar Iklima ta washe, ta ɗaga hannu.

"Sala..."

Na kafa mata farce a cinya, na murɗe da duk ƙarfina. Ta ƙwalla ƙara.

"Elle a quoi?" in ji saurayin da Faransanci, wai me ke damunta.

"Elle est malade," na ce, wato ba ta da lafiya.

Ya yi tsaki, ya ce mu wuce.

Idris na tsaye a ƙofar gida, ya buɗe hannuwa. "Ina gaisuwata, 'yar Kawu?"

Ta kalle shi, bakinta ya motsa. Sai ta juyo ta kalle ni, ta dafe cinyarta da hannu biyu.

"Gaishe shi, Iklima, yanzu ba komai," na ce, ina kuka.

Yau wata biyar ke nan, ban san yadda zan fahimtar da ita ba. Ko ni ba ta gaisarwa.