Goman Kyiv da Goman Gida

A ƙauyenmu ba a cewa ƙarfe kaza a yi shiru, sai an ƙara da "na Kyiv" ko "namu". Agogon hukuma, wato na Kyiv babban birnin ƙasar, yana gaba da na gidajenmu da awa guda, kuma tun zamanin kakanni ba wanda ya yarda ya juya nasa. To wai a ce Hafiya Yurivna, malamar da ke koya wa yara bambancin lokaci tsakanin ƙasashe, ita ce za ta manta da wannan!

Takarda ce ta zo daga ofishin ilimi: ranar Asabar ƙarfe goma sufeto zai zo ya ƙirga ɗalibai ya kalli darasi. In bai ga yara goma a aji ba, za a rufe makarantar, a riƙa kwasar su a mota zuwa gari. Yaranta sha ɗaya ne cif. Kwana uku tana shirya darasi, abinci ma ba ya shiga. Ta rubuta wa kowane gida 'yar takarda, ta kwafi "ƙarfe goma" yadda ta gani.

Tana cikin zana taswirar ƙauyen a allo ta ji tsayawar mota. Ta dubi agogon bango, ƙarfe tara. Tara namu, wato goma na Kyiv.

Sufeto Miron Stepanovych ya shigo yana karkaɗe laka daga takalmi, ya dubi kujeru wayam.

"Hafiya Yurivna, ina yaran?"

"Suna hanya, ranka ya daɗe. Wato... goman gida suka ɗauka."

"Ni goma ɗaya na sani," in ji shi. Ba faɗa yake ba, gajiya ce a muryarsa. "Makarantu uku ke jirana bayan taku. Na ba ki rabin awa."

Ilonka-neni, tsohuwar da ke share makarantar, ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Wayyo 'yar nan! Ke da kika cika mana kunne da duniya na juyawa? Ruga, ni zan tsare shi da shayi da miyar wake."

Abin haushi, darasin da ta zana a allo shi ne gadojin katako biyar na ƙauyen, da tambayar ko mutum zai iya bin kowacce sau ɗaya tak ya zaga unguwanni duka. Da can ana iyawa. Amma ambaliyar bana ta cinye gaɓa, kogin ya sake hanya, ya tafi da gadar bayan coci. Ita ta fi kowa sanin amsar yanzu: dole a taka gadar injin niƙa sau biyu, ita ce kuma mafi nisa.

Ta zuba da gudu cikin takalmin fita kunya. A gidan farko yara biyu na gonar dankali da ubansu. A na biyu uwar na tsefe wa Darinka kai, tana cewa, "Haba malama, saura awa guda fa, so kike ta je gaban baƙo kamar mahaukaciya?" Hafiya ta fizgi hannun yarinyar, gashi rabi a tsefe. Tsoro ne ya cika ta. Shekara ashirin da biyu tana kunna murhun ɗumama ajin nan da hannunta.

Ta haye gadar injin niƙa, ta kwaso huɗu na ƙetare, ta sake hayowa katako na rawa a ƙarƙashinsu. Dunduniyar takalmi ɗaya ta maƙale tsakanin katakai, ta bar shi nan. Tana tafe tana ƙirga kawuna da ƙarfi, takwas, tara, ta rikice ta sake daga farko. Ba ta yarda ta dubi agogon hannunta ba.

Da suka shawo kwanar makaranta, su sha ɗaya cif suna haki, ba mota. Sawun taya kawai a cikin laka.

Ilonka-neni na tsaye a bakin ƙofa, idonta ja. "Kwano biyu ya sha, 'yar nan. Har minti goma ya ƙara miki. Na ce ga na uku, ya ce in yi haƙuri."

A kan tebur ya bar kwafin takardarsa. Wurin da aka rubuta yawan ɗaliban da aka samu a aji, ya ja layi, alamar babu ko ɗaya.

Yaran suka shige, kowa ya zauna a kujerarsa, suka naɗe hannu a kan tebur yadda ta koya musu don baƙo. Darinka ta ɗaga hannu.

"Hafiya Yurivna, mun makara ne?"

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Saura minti biyar goma ta cika.

"A'a," ta ce. "Ba ku makara ba. Ku buɗe littattafanku."